Zan gwada zaren foliyesta a raket karon farko, kilo nawa zan ce a ja?

Ɗan Layin Baya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar zaren raket. Raket ɗina Babolat Pure Drive ne mai gram 300, zaren tsaye 16, na kwance 19, kuma biyu gare ni iri ɗaya. Nailan mai kaurin milimita 1.30 ake saƙa mini, ana jan shi a kilo 25. Ina buga tanis sau uku a mako, awa biyu-biyu, a filin siminti. Yanzu da bugun nawa ya fara nauyi, zaren ba ya wuce mako biyu zuwa uku, kuma kullum na tsaye ne ke tsinkewa a tsakiya. Ga shi duk bayan maki sai na tsaya ina daidaita shi da yatsa.

An kawo mini fakiti ɗaya na zaren foliyesta RPM Blast mai kaurin milimita 1.25. A kilo 25 ɗin zan ce a ja shi? In sa shi gaba ɗaya ko in haɗa da nailan? Sannan yaya zan yi in gane ya karɓe ni da gaske, ba ɗokin sabon abu ba? Na kuma ji ana cewa yana kawo ciwon gwiwar hannu, shi ya sa nake ɗari-ɗari.

Masaƙin Raket:

Wa alaikumus salam Malam. Tsinkewar da ka bayyana ba laifin kowa ba ce. Duk lokacin da ka murza ƙwallo, zaren tsaye yana gogar na kwance, a hankali gurbi ya fito a mahaɗarsu, gurbin ya yi ta zurfi har ya ci rabin kaurin zaren, sai ya tsinke. Da a gefe yake tsinkewa, kusa da 'yan robobin da zare ke bi ta cikinsu, da sai mu ce ko robar ta fashe tana yanka shi, ko kana yawan bugawa da bakin firam. Tunda a tsakiya ne, hannunka ne ya fi ƙarfin nailan ɗin.

Kada ka ce a ja maka shi a 25. Nailan yana miƙewa ya dawo, shi kuwa foliyesta sili ɗaya ne mai tauri, miƙewarsa kaɗan ce. In an ja su a lamba ɗaya, foli zai zama kamar katako a hannunka. Abin da aka saba shi ne a rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato daga 25 ka sauko tsakanin 22.5 da 23.75. Da yake Pure Drive firam ne mai tauri tun asali, ni 22.5 zan ce maka, iyaka 23. In ka ga an rubuta wasu lambobi a wuyan raket, kada su ɗaure ka. Sauka ƙasa da su ba ya yi wa firam komai, haurawa sama ce ke da haɗari.

Ka tabbata kun fahimci juna da mai saƙar kan ma'auni. Injina da yawa da laba suke aiki, ba kilo ba. Kilo ɗaya laba 2.2 ne, don haka kilo 25 laba 55 ke nan, 23 kusan 51, 22 kuma 48 da rabi. Ka faɗa masa duka biyun.

Nau'in injin ma yana canza sakamako. Injin lantarki da mai ƙarfen nauyi suna ci gaba da jan zare har sai an danne shi da matsi, duk miƙewar da ya yi suna cike ta. Injin da ake murzawa da hannu kuwa da ya kai lambar sai ya kulle, zaren ya ɗan saki kafin a danne. Saboda haka 23 a injin hannu ya fi 23 a na lantarki laushi, tazarar kan kai kilo ɗaya zuwa biyu. Wannan ne ya sa gwaji ba ya yiwuwa in an saƙa raket ɗaya a nan, ɗaya a can.

Tunda biyu gare ka, ga yadda za ka yi. Ka yanke zaren duka biyun, ka kai su rana ɗaya, wurin mutum ɗaya, inji ɗaya. Ɗaya a sa masa nailan ɗin da ka saba a 25, ɗaya foli a 22.5. Na san za ka ji asara ce a yanke nailan da bai tsinke ba, amma in ka gwada sabon foli da nailan mai mako biyu, kowane sabon zare ma zai ci. Naɗin mariƙi ya zama sabo a duka, in kana sa robar kashe ƙara ka sa a duka ko ka cire a duka. Ka manna 'yar takarda a cikin wuyan kowanne ka rubuta sunan zare, kilo da kwanan wata. Sai ka bar su su kwana. Kowane zare yana sakin wajen kashi 10 cikin ɗari a kwana ɗayan farko ko ba a buga da shi ba, foli ma ya fi haka, gara ya gama wannan sakin kafin ka fara yanke hukunci.

In an miƙo maka raket ɗin ka duba shi tun a wurin. Zaren kwance su miƙe sambal, kada su yi lanƙwasa kamar baka, domin in an bar su a lanƙwashe da sun miƙe a wasa ɗaurin ya ragu. Ka bi da yatsa ka tabbata saƙar sama-ƙasa ce ba a tsallake ko ɗaya ba. Ka duba ko matsin ya tauna zaren ya bar masa shaidar haƙora, ko kuma ya zame ya kankare shi. Sannan ka duba zaren tsaye ko akwai gurbi tun kafin a buga. In akwai, an fizgi na kwance da sauri ne a wuri ɗaya har zafin gogar ya ƙona na tsaye. RPM Blast yana da kusurwa takwas, irinsa yana son a ja na kwance a hankali ana motsa shi sama da ƙasa. In zaren ya karye ya yi gwiwa wajen warware shi daga fakiti, nan ma rauni ne, nan zai fara tsinkewa.

Koci:

Malam Masaƙi ya gama maganar inji, ba ni da ƙari a kai. Inda zan ja hankalinka, ɗan'uwa, shi ne lissafin da ka shigo da shi. Kana neman zaren da ba ya tsinkewa, kuma foli zai ba ka haka. Amma foli yana mutuwa tun bai tsinke ba. Ga mai bugu irin naka, tsakanin awa 10 zuwa 15 na wasa ya gama aikinsa. Kai kuma awa shida kake yi a mako. Ka ga ke nan kusan mako biyu zuwa biyu da rabi, daidai lokacin da nailan ɗinka ke tsinkewa. Bambancin kawai, nailan yana sanar da kai da kansa, foli kuwa yana nan baƙi ƙirin kamar sabo, kai kana ta bugawa da shi wata biyu kana murna ka huta da biyan kuɗin saƙa. Yawancin ciwon gwiwar hannun da ake ɗora wa foli daga nan yake zuwa, sai kuma jan shi da yawa a firam mai tauri. To in don rage kashe kuɗi ne, ba za ka rage ba.

Abin da foli ke bayarwa na gaskiya shi ne juyin ƙwallo da iko a kanta. Yana da santsi, in ka murza ƙwallo zaren tsaye yana zamewa gefe ya dawo da sauri tun tana kan raket, wannan dawowar ce ke ƙara mata juyi, sai ta yi sama ta faɗo cikin fili. Shi ya sa ba ka ganin masu foli suna daidaita zare da yatsa. Sannan ba ya cilla ƙwallo kamar nailan, kana iya sakin hannu gaba ɗaya ba ta fita ba. Gustavo Kuerten na Brazil ne ya fito da shi fili a 1997, lokacin da ya ci gasar Roland Garros da zaren foli na kamfanin Luxilon yana na 66 a duniya, daga baya kusan kowa a manyan 'yan wasa ya koma kansa. Sai dai fa duk wannan amfanin sai hannu yana da sauri. Mai tura ƙwallo a hankali ba ya iya zamar da zaren, abin da zai samu tauri ne kawai da gajeren bugu.

Kada kuma wani ya ce maka ai Nadal da RPM Blast ya yi wasa a kilo 25. Gaskiya ne, nasa ma 1.35 ne, ya fi naka kauri. Amma su sabuwar saƙa suke shiga wasa da ita, da yawansu kuma suna canza raket duk sa'ad da aka kawo sababbin ƙwallaye, wato bayan zagaye bakwai na farko sannan duk bayan tara. Zarensu ba ya kaiwa ga mutuwa a hannunsu.

Wajen gwajin, kada ka fara da wasan maki, son ci zai sa ka canza bugunka ba ka sani ba. Ka buɗe sabon gwangwanin ƙwallo, ka sami abokin bugu mai daidaito. Bayan kun ɗumama jiki, ku yi bugun kusurwa zuwa kusurwa, ƙwallo ashirin da raket ɗaya, ashirin da ɗayan, wani yana ƙirga uku: nawa suka sauka bayan layin sabis, nawa suka gaza kaiwa, nawa suka wuce layin baya. Ku maimaita a hannun baya. Daga nan sabis na biyu, ashirin-ashirin, nan ne foli ya fi nuna kansa. Sai bugun gaban raga da ɗan sakin ƙwallo kusa da raga, nan kuma nailan yakan fi daɗi, ka ga ko asarar da ka yi a nan ta kai ribar da ka samu a baya. Ka riƙa musanya raket duk minti goma, domin in ka ɗauki awa guda da ɗaya hannunka zai saba da shi ya ɓoye maka bambancin.

In ƙwallayen foli suna faɗuwa gajeru alhali kana sakin hannu, an ja da yawa, a rage kilo ɗaya a saƙa ta gaba. In suna wuce layi tun ranar farko, a ƙara ɗaya. Kilo ɗaya-ɗaya ake tafiya, kuma kada ka canza kauri da kilo a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Ka rubuta abin da ka ji a awa ta farko, ta biyar, da ta goma. Kusan kowane foli yana da daɗi a awa biyun farko, abin da ya rage masa a awa ta takwas shi ne za ka zauna da shi. Ka kuma lura da hannunka washegari da safe, ba a fili ba lokacin da jiki ke da zafi. In ka ji tsami a ƙashin gwiwar hannu ta waje, musamman in za ka ɗaga buta ko murɗa mabuɗin ƙofa, ka yanke zaren ranar, kada ka ce bari ya tsinke tukuna. In ciwon bai lafa ba bayan hutu, a ga likita. Yara da ba su gama girma ba da duk wanda ya taɓa wannan ciwon, ni ba na ba su foli zalla ko kaɗan.

Da ni ne zan zaɓa maka, da haɗi zan fara da kai: foli a tsaye, nailan ɗinka a kwance.

Mai Hannun Hagu:

Ƙari kaɗan kan yanayinmu. Zafi yana sakin zare fiye da yadda mutane ke zato. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato waje ma ya haura digiri 40, balle cikin motar da aka kulle a rana. Raket ɗin gwaji in ya wuni a but ɗin mota, gwajin ya lalace, abin da ya saki ba ya dawowa. Ka shiga da jakarka ofis ko ɗaki.

Da hunturu kuma ƙura ce matsalar. Tana shiga mahaɗar zare ta kashe santsin da Koci ya yi bayani, ta kuma hanzarta cin gurbi. Tsumma mai ɗan danshi bayan kowane wasa ya isa. Mai wasa a filin jar ƙasa ya fi kowa bukatar wannan. Sannan in ka gwada raket ɗaya da sanyin asuba ɗaya da azahar, ba zare ka gwada ba, yanayi ka gwada, domin a sanyi zare da ƙwallo duk sun fi tauri. Masu zuwa wasa Jos kuma su sani garin yana kan tudu wajen mita 1,200, iska ba ta riƙe ƙwallo sosai, kilon da ya yi maka daidai a Kano zai iya cilla maka ita waje a can.

Ɗan Layin Baya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Koci ya sa na sake tunani. In haɗin zan yi, Malam Masaƙi, kilo nawa kowanne? Kuma fakiti ɗayan zai yi mini raket biyu ke nan? Sannan wace alama zan gani in san ya mutu, tunda ba zai tsinke ba?

Masaƙin Raket:

Amin Malam. Fakitin mita 12 ne, in an raba biyu mita shida-shida. Shida yana isar zaren tsaye 16 a raket irin naka, amma da ƙyar, don haka mai saƙar ya auna da awo ya yanke a tsakiya daidai, kada ya yi da ƙiyasin hannu. In ya kuskure da taku ɗaya, rabi na biyu ba zai kai bakin injin ba a zaren ƙarshe. Haɗi dole ƙulli huɗu ne, biyu na tsaye biyu na kwance, kuma na kwance a fara daga kan raket a gangaro wuya, ya fi sauƙi ga firam.

Foli a tsaye 22.5, nailan a kwance 24. Ƙa'idar ita ce mai taurin ya zama ƙasa da mai laushin da kilo ɗaya zuwa biyu. Kada tazarar ta wuce haka sosai a gwajin farko.

Amma ban yarda da Koci ɗari bisa ɗari ba, kuma gara ka ji dalili kafin ka yanke fakitin. Zaren tsaye ne ke ɗauke da yawancin abin da hannu ke ji, saboda haka haɗin ba zai yi laushi kamar yadda kake tsammani ba, zai dai rage kaifin bugun. Sannan nailan ba shi da santsin foli. Bayan 'yan awoyi rufinsa yana gogewa, ya yi kaushi, ya riƙe zaren tsaye ya hana shi zamewa, juyin da ka zo nema ya ragu. Foli mai kusurwa kuma yana cin nailan, a haɗin nan sau da yawa na kwance ne ke riga tsinkewa. Wannan ɗin ma dai alheri ne ta wani gefen, tunda zai tilasta maka canzawa kafin foli ya daɗe a mace. In kana son sanin ainihin halin RPM Blast, sai ka sa shi zalla. In kuwa lafiyar hannu ce a gaba, bi maganar Koci. Tunda ka ce kana ɗari-ɗari, fara da haɗin, rabin da ya rage ka ajiye shi a inuwa don saƙa ta biyu, inda za ka gyara kilo bisa abin da ka rubuta.

Akwai haɗin da ake juyawa, mai laushi a tsaye foli a kwance. Shi Federer ya yi amfani da shi, zaren hanjin saniya a tsaye, Luxilon ALU Power Rough a kwance. Yana da daɗi matuƙa, amma zaren hanji ya fi kowanne tsada kuma ba ya shiri da danshi. Kada ka kwaikwayi wannan da nailan a tsaye da RPM a kwance, kusurwoyin za su yanke maka nailan ɗin da wuri fiye da yadda yake tsinkewa yanzu. Mai son wannan tsarin foli mai zagaye sumul yake nema a kwance.

Alamar mutuwa kuwa, ka ja zaren tsaye na tsakiya gefe da yatsa ka saki. Mai rai zai koma wurinsa da kansa, ƙas. Matacce zai tsaya inda ka kai shi, ko ya koma da jan ƙafa. Ka ɗaga na kwance kaɗan ka leƙa mahaɗar, in gurbin ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin zaren, ya kulle ke nan. A fili za ka ga ƙwallayen da suke faɗowa ciki sun fara wuce layi da taku ɗaya ko biyu ba tare da ka canza komai ba, kuma bugun ya fara dukan hannu. Ƙarar ma tana sauka: ka buga tsakiyar zaren da tafin hannu ranar da aka saƙa ka riƙe sautin, in ya koma ƙasa sosai ya saki. Akwai manhajar waya irin su RacquetTune da ke auna wannan sautin ta ba ka lamba. Kada ka damu in lambar ba ta yi daidai da ta injin ba, amfaninta shi ne ka ga nawa ya ragu daga ranar farko, kuma ka cire robar kashe ƙara kafin ka auna.

Wajen yankewa, ka fara daga tsakiya, tsaye ɗaya kwance ɗaya a mahaɗarsu, ka riƙa faɗaɗawa zuwa waje ta kowane ɓangare. In ka bi gefe ɗaya ka yanke na tsaye duka, na kwance za su matse firam su canza masa siffa. Haka in zare ya tsinke a wasa, ka yanke sauran ranar, kada ya kwana a jaka rabi a ɗaure. Kafin a sa sabo a duba robobin, wadda ta fashe a canza ta ko a zura mata ɗan bututun nailan.

Kada ka yi saurin sayen babban naɗi mai mita 200 sai ka saƙa zaren aƙalla sau uku ka ga ƙarshensa kowane karo. Naɗin yana yin raket 16 zuwa 17 in zalla ne, ninki biyu in haɗi ne, wato abin da za ka shekara kana bugawa da shi.

Koci:

Maganar kullewar nailan gaskiya ce, Malam Masaƙi. Maganinta a zaɓi nailan mai sumul ɗin rufi a kwance, ba mai kaushi ko murɗaɗɗe ba. Kai kuma ɗan'uwa, a raket na biyu ka bar nailan 1.30 a kilo 25 yadda aka tsara, shi ne ma'auninka. In haɗin bai fi shi a ƙidayar ƙwallo ba, gwaji na gaba nailan 1.35 ne a kilo 25 ɗin, zai ƙara maka kwanaki kafin tsinkewa ba tare da ka taɓa foli ba.